Fasaha a Sauƙaƙe: Ranar da aka ƙwace mota daga nisan kilomita 16

Ina fatan an fara duba littafi tun yanzu, ba a jira daren jarrabawa ba kamar yadda wasunmu muka riƙa yi muna shan wuya.

Maganar wannan mako daga gidanmu ta taso. A hutun da ya wuce Kawuna ya sayi mota 'yar Kwatano, ya kai ta wajen rewaya aka cire rediyon da ta zo da shi, aka liƙa mata irin babban allon nan na Android da ake yayi yanzu. Ba a yi sati biyu ba ɗansa, wanda ke aji biyu a ƙaramar sakandare, ya tura wa allon wani wasan tseren mota ta Xender, irin wanda aka fasa don kada a biya kuɗi. Tun daga ranar allon bai ƙara zama lafiya ba. Kawu na tsakiyar tuƙi talla za ta faɗo, taswira ta maƙale, wani lokacin ma sai abin ya mutu ya sake tashi da kansa. Da yake ni ake wa kallon ɗan kwamfuta a gidan, duk da aji biyu kacal nake a jami'a, ni aka kira. Na goge komai na mayar da allon yadda ya fito daga kamfani. Ina cikin aikin sai Kawu ya jefo mini tambaya: "To kai ɗan boko, wannan abin zai iya taɓa mini burki?"

Na ce masa, "A wannan motar taka dai da wuya, Kawu." Na faɗi haka ne ina tuna wata mota da amsar tambayar ta kasance e, kuma labarinta nake so in ba ku.

A watan Yulin 2015 wani ɗan jarida mai suna Andy Greenberg, na mujallar Wired, ya hau babban titi a birnin St. Louis na Amurka cikin mota ƙirar Jeep Cherokee ta 2014, yana gudun kusan kilomita 110 a awa. Can a wani gida mai nisan kusan kilomita 16, wasu masu binciken tsaron kwamfuta biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suna zaune da laftof. Da saninsa aka shirya gwajin, amma ba su gaya masa abin da za su yi ba. Da farko na'urar sanyaya mota ta fara hura masa iska mai sanyi ba tare da ya taɓa ta ba. Rediyo ya canza tasha ya ƙure murya, ya murɗa ya ƙi raguwa. Waifa ta tashi, ruwan wanke gilashi ya rufe masa gani. Daga nan sai suka yanke giya. Yana taka totur inji na kuka, mota kuwa sai rage gudu take yi, a kan wata gada da babu gefen da zai raɓe, ga tirela na tahowa a bayansa. Daga baya, a wani fili inda ake tafiya a hankali, sun nuna masa cewa suna iya kashe burki ma, har motar ta sulale ta faɗa rami.

Kwana uku bayan fitowar labarin, kamfanin Fiat Chrysler ya yi kiranye ga motoci miliyan 1.4 domin a gyara musu manhaja. Mutanen biyu ba ɓarayi ba ne. Sun shafe watanni suna sanar da kamfanin abin da suka gano kafin su fito da shi fili.

To ta ina suka shiga? Kafin mu kai nan sai mun leƙa cikin motar zamani. Abin da makanikanmu ke kira birenbos kwamfuta ɗaya ce kawai, mai kula da inji. Ban da ita akwai ta burki, ta giya, ta sitiyari, ta ƙofofi da gilasai, ta fitilu, da ta jakar iskar da ke buɗewa idan an yi karo. A motocin yanzu sukan kai gommai, a masu tsada har su haura ɗari. Yawancinsu suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar a 1986.

Wanda ya yi makarantar kwana zai gane CAN da sauri. Ku ɗauka dare ne an ɗauke wuta a ɗakin kwana, sai wata murya daga lungu ta ce, "Kowa ya fito fili, in ji firifet!" Kowa ya ji, kuma babu mai iya tantance ko firifet ne ya yi maganar ko wani ɗan aji ɗaya ne mai neman tsokana. Haka CAN yake. Duk saƙon da aka jefa a kan wayar kowace kwamfuta na jin sa, saƙon yana ɗauke da lambar da ke nuna irinsa, amma babu wata shaida da ke tabbatar da wanda ya aiko shi. Ba na ganin laifin injiniyoyin 1986. A zamaninsu babu mai isa ga waɗannan wayoyi sai wanda ya buɗe motar da sukundireba. Matsalar ta zo ne lokacin da aka ɗauko allon kiɗa da taswira, aka sa masa layin waya da intanet, sannan aka jona shi da wannan ɗaki mai duhu.

Allon Jeep ɗin sunansa Uconnect, kamfanin Harman ne ya ƙera shi, kuma yana da layi a kamfanin sadarwa na Sprint. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da ƙofofi masu lamba waɗanda saƙo ke bi ya shiga. Miller da Valasek sun tarar da ƙofa mai lamba 6667 a buɗe. An yi ta ne don manhajojin cikin allon su riƙa aika wa junansu saƙo, amma aka bar ta tana amsa wa na waje, kuma ba ta tambayar kalmar sirri. Duk wanda ke da waya a kan layin Sprint zai iya ƙwanƙwasa ta. Abin da ya fi muni, a bayan ƙofar akwai wata 'yar manhaja da ke zartar da duk umarnin da aka ba ta, kuma da iko mafi girma a na'urar. Da wannan kaɗai rediyo da allo da sanin inda motar take sun shiga hannunsu.

Burki da giya kuwa suna buƙatar ƙarin mataki, domin babban ƙwaƙwalwar allon ba ta jone da CAN kai tsaye. Akwai wani ƙaramin guntu a tsakani, V850 na kamfanin Renesas, wanda shi ne mai magana da sauran motar, kuma abin da aka yarje masa ya faɗa kaɗan ne. Sai suka zauna suka nazarci manhajar da ke cikinsa, suka rubuta tasu, suka tura masa a matsayin sabuntawa. Guntun ya karɓa bai tambayi daga ina ta fito ba. Daga wannan lokaci suka zama muryar nan ta cikin duhu, duk abin da suka faɗa sauran kwamfutocin su yi biyayya.

Akwai wani abu da ya ba ni mamaki da na fara karanta labarin. Babbar manhajar da ke tafiyar da allon ita ce QNX, 'yar ƙasar Kanada, wadda kamfanin BlackBerry ya saya a 2010, kuma an san ta da ƙarko. An gina ta ne a kan 'yar ƙaramar zuciya, duk sauran sassa suna aiki a keɓe, ta yadda idan ɗaya ya faɗi za a tashe shi ba tare da ya ja sauran ba. Ke nan ba ginin ne ya rushe ba, waɗanda suka tare a gidan ne suka bar ƙofa a buɗe suka kuma ba ɗan aike makullin kowane ɗaki. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu bari mu ga yadda babbar manhajar mota ya kamata ta riƙa kula da ƙananan manhajojin da ke zaune a kanta. Aikinta kamar na hukumar makaranta ne: ita ke cewa wa zai shigo, ina zai zauna, me zai taɓa.

Maganar shigowa ita ce ta fi burge ni, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Kun san takardar izinin fita daga makaranta, wadda sai da sa hannun malami da hatimi maigadi zai bar ka ka wuce. Kun kuma san akwai gwanayen kwaikwayon sa hannu a kowace makaranta, ba sai na kama suna ba. Sa hannun da ake yi wa manhaja ya fi ƙarfin irin waɗannan gwanaye, saboda lissafi ne. Kamfani yana da makullai biyu da aka haifa tare. Ɗaya na sirri ne, yana ɓoye a wajensa. Ɗayan na fili ne, an dasa shi a cikin kowace mota tun a masana'anta. Idan an gama rubuta manhaja sai a bi da ita ta wani lissafi da zai fitar da wata gajeriyar lamba, tamkar zanen yatsanta. Ko harafi ɗaya aka canza a manhajar, lambar za ta canza gaba ɗaya. Kamfani zai sa wa wannan lamba hannu da makullinsa na sirri. Idan manhajar ta iso mota, motar za ta sake lissafa zanen yatsan da kanta, ta gwada sa hannun da makullin fili. In sun dace ta karɓa, in ba su dace ba ta yi watsi da ita. Sirrin abin shi ne makullin fili yana iya tantance sa hannu amma ba ya iya yin sa. Ko ɓarawo ya kwance motar ya ciro shi, bai tsinana masa komai ba. Da guntun V850 yana yin wannan bincike, da manhajar su Miller ba ta zauna ba.

Mai wayo a cikinku zai ce, to idan aka canza shi mai binciken fa? Tambaya ce mai kyau, kuma an yi tunaninta. Da zarar an tayar da mota, abin da ke fara aiki wani ɗan umarni ne da aka ƙone a jikin guntu tun a masana'anta, wanda ba ya gogewa. Shi zai duba sa hannun manhajar da ke biye masa kafin ya miƙa mata ragama, ita ma ta duba na babbar manhaja, babbar manhaja kuma ta duba na ƙananan. Kowa sai an tantance shi kafin ya tantance na gaba.

Kamfanin Tesla ma sai da ya ji a jikinsa kafin ya ƙarfafa wannan. A watan Satumban 2016 masu bincike na Keen Lab, wani sashe na kamfanin Tencent na ƙasar Sin, suka shiga Model S ta manhajar shiga intanet da ke kan allonta, suka bi har suka taka mata burki daga nesa. Tesla ya toshe ɓarakar cikin kwana goma, ya kuma sa dokar cewa duk manhajar da za a ɗora wa sassan motar sai tana da sa hannunsa.

Sai dai sa hannu yana nuna wanda ya yi manhaja ne kawai, ba ya nuna cewa ba ta da kuskure. Ɗalibin da ya shigo da takarda ta gaskiya ma yana iya ɓarna. Shi ya sa bayan an shigo sai a killace kowa a ɗakinsa. A Android Automotive, wato Android ɗin da ake ginawa a jikin mota tun daga kamfani, wanda motar Polestar 2 ta fara fitowa da shi a 2020, kowace manhaja tana da lambar shaidarta da ma'ajiyarta, ba ta leƙa ta wata. Kada ku haɗa shi da Android Auto, wanda wayarka ce ke aiki allon mota na nuna hotonta kawai. Idan manhaja na son wani abu daga motar, ko gudun da ake yi ko yawan man da ya rage, sai ta nema ta hannun babbar manhaja, ita kuma ta duba ko an ba ta wannan izini. Manyan izini, irin na sarrafa sassan mota, ba a ba wa manhajar da aka sauko da ita daga kasuwa ko da mai motar ya yarda. Manhajar kiɗa aikinta kiɗa, ba ruwanta da makullin ƙofa. Wannan ƙa'ida ta ba kowa iya abin da aikinsa ke buƙata ita ce aka karya a Jeep. Akwai ma wata doka da ba a samun ta a waya: babbar manhaja na sane da ko mota na tafiya ko tana tsaye, don haka manhajar kallon bidiyo ba za ta yi aiki ba sai an yi fakin.

Ba Google kaɗai ke wannan fage ba. Akwai Automotive Grade Linux, wanda gidauniyar Linux ta kafa a 2012 kamfanonin mota da dama suka haɗu a kai, kuma Toyota ta sa shi a Camry ta 2018 a Amurka. Na ambace shi ne saboda buɗaɗɗe ne. Duk wanda ke da laftof da data zai iya sauko da shi ya karanta yadda aka rubuta shi, ba sai yana aiki a wani kamfani ba.

Sannan an dawo kan ɗakin nan mai duhu. Tunda ba za a iya canza CAN a dare ɗaya ba, sai aka raba wayoyin gida-gida aka sa maigadi a tsakani, wata kwamfuta da ke tace saƙonni. Saƙon da ya fito daga ɓangaren nishaɗi yana neman ɓangaren burki ba zai wuce ba. Har yanzu dai da saura. A 2022 an sace wata Toyota RAV4 a Landan, bincike kuma ya nuna ɓarayin sun ɓalle gefen bamba ne suka kai ga wayoyin fitilar gaba, suka jona wata 'yar na'ura da ta riƙa ƙaryar cewa ita ce mai karɓar saƙon makulli, tana cewa an ga makulli a buɗe ƙofa. Motar ta yarda.

Gyaran kuskure shi ma babi ne. A 2015 Fiat Chrysler sai da ya riƙa aika wa masu motoci filas ta gidan waya don su soka da kansu, abin da masana tsaro suka soka, domin an koya wa mutane su yarda da duk filas ɗin da ya zo a ambulan. Yanzu ta iska ake turo sabuntawa. Yawanci ana raba ma'ajiya biyu, a rubuta sabuwar manhaja a ɗaya alhali tsohuwar na aiki a ɗayan, in sabuwar ta ƙi tashi a koma wa tsohuwar. Ana kuma hana a mayar da mota kan tsohon zubi da aka san yana da ɓaraka, don kada ɓarawo ya ɗauko manhajar bara mai sa hannu na gaskiya ya sake buɗe ƙofar da aka rufe. Abin ya kai ga doka. Ƙa'idoji masu lamba 155 da 156 na Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗaya kan tsaron kwamfutocin mota ɗaya kan sabunta manhaja, sun zama tilas ga duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai daga watan Yulin 2024.

Akwai wani ɓangare da ke damuna, kuma shi ne ya fi shafar mu. Duk makullin da ya hana ɓarawo shiga yana iya hana bakanike. Kun ga 'yar na'urar nan da makanikai ke sokawa a ƙarƙashin sitiyari su karanta ciwon mota? Wannan soket mai baki 16 ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, kuma shi ne ya ba ƙananan gareji damar gyara motar zamani. Daga motocin 2018 Fiat Chrysler ya sa maigadi a bayan soket ɗin. Za ka iya karanta matsala, amma goge ta ko ba wa wani sashe umarni sai na'urarka na da rajista kuma tana kan intanet. A jihar Massachusetts ta Amurka sai da aka kaɗa ƙuri'a a 2020 kan haƙƙin masu mota da ƙananan makanikai na samun bayanan da mota ke aikawa, masu goyon baya suka yi rinjaye, kamfanonin mota kuma suka garzaya kotu. Mu nan yawancin motocinmu sai sun tsufa a wata ƙasa suke isowa. Motocin da aka kulle a 2018 su ne 'yan Kwatanon da ke shigowa yanzu da waɗanda za su shigo nan gaba. Ni ina goyon bayan a kulle, domin na ga abin da rashin kullewa ya jawo. Amma ina ganin bai dace a ce mai gareji a Kano ko Maraɗi sai ya nemi izinin wani kamfani a ƙetare kafin ya gyara motar da mai ita ya saya da kuɗinsa ba. Wanda zai yi gyaran mota nan da shekara goma, wataƙila ɗaya daga cikinku, zai buƙaci sanin makullan lissafi kamar yadda yake buƙatar sanin sifana.

Mu koma kan motar Kawu. Dalilin da ya sa na ce da wuya shi ne motar tsohuwa ce, ba ta da layin waya nata, kuma da na duba bayan allon ban ga an jona shi da wayoyin CAN ba, wuta da lasifika da kyamarar baya kawai aka ba shi. Wasu allunan kuwa ana haɗa su da wani ɗan akwati da ke jone da CAN domin maɓallan sitiyari su yi aiki, don haka yana da kyau mai mota ya tambayi rewaya abin da ya jona. Amma ko ba burki, na nuna wa Kawu abin da wasan nan ya nema aka kuma ba shi: makirfo, lambobin wayar da allon ya kwafa daga wayarsa ta Bluetooth, da wurin da motar take a kowane lokaci. Wasan tsere me zai yi da lambar wayar abokan kasuwancin Kawu? Kuma da yake an fasa shi, sa hannun masu shi na asali ya tafi, wanda ya fasa ne ya sa nasa, ba mu kuwa san ko wane ne ba.

Na kashe damar ɗora manhaja daga waje, na goge Xender daga allon, na sa lambar sirri a wajen saiti. Kawu ya ce in rubuta masa lambar a takarda, ya ninke ya sa a aljihun gaban riga. Ɗan nasa kuwa har na koma makaranta bai yi mini magana ba.

Ga ɗan aikin gida kafin mako mai zuwa. Ku ari wayar Mama ko ta Yaya, da izininsu, ku shiga saiti, ku nemo wajen izinin manhajoji, ku ƙirga guda nawa ne aka ba damar amfani da makirfo. Ku rubuto mini adadin da kuka samu da sunan wadda ta fi ba ku mamaki, zan kawo wasu daga cikin amsoshinku a wannan shafi in Allah Ya kai mu.